Mai Kemis da Idon Innarsa

A layin asibitin ido, wani mutum mai furfura a gemu yana zaune kusa da ni, riƙe da hannun wata tsohuwa. Idonta na hagu ya yi jawur, ga ɗigon fari a tsakiyar baƙin. Shi kuwa sai jujjuya wata 'yar kwalbar magani yake. Daga yadda yake riƙe ta, ina jin mai kemis ne, irin wanda unguwa ke kira likita.

Wata nas ta zo ta duba idon tsohuwar, sannan ta karɓi kwalbar ta duba. "Mama, fumfuna ce ta shiga inda tsinke ya soke ki. Ido yana da masu gadinsa, kuma sun gane ta. Jan nan faɗan da suke yi ne. Wannan maganin ya kwantar da su, cutar ta samu fili. Wa ya ba ki?"

"A kasuwa na saya, 'yata."

Mutumin ya sunkuyar da kai. "A'a, Inna. Ni na ɗiga miki, safe da yamma."

Tsohuwar ta daki gwiwarsa, kamar yaro ya sa baki cikin maganar manya.