Ma'aunin Zafi a Hannun Majinyaci

Jikana yana shekara tara aka fara yi masa maganin ciwon daji. Wata rana zazzaɓi ya kama shi, muka garzaya asibiti. Likita ta duba jininsa, ta ce ba sai an ba shi gado ba. Ta ba mu maganin kashe ƙwayoyin cuta mu koma gida, amma in zafin ya ƙi sauka mu dawo nan take.

Ni aka damƙa wa ma'aunin zafi, ni da na ajiye boko a aji uku. Lambobin ƙanana ne, sai na naɗa majinyacin mai karanta mini.

"Nawa, Alhaji ƙarami?"

"Talatin da bakwai, tsoho."

Da safe talatin da bakwai, la'asar talatin da bakwai. Kashegari na dafa goshinsa, na ji kamar butar mai shayi.

"Malam, na'urar nan hadda ta yi ne?"

Ya sunkuyar da kai. "Ba na son gadon asibitin nan, Kaka."

Na kira uwarsa ta karanta, ashe zafin ya wuce talatin da bakwai nesa ba kusa ba, muka tari keke napep sai asibiti. Kwana huɗu ya yi a gadon, biyu daga ciki ba ya gaishe ni. Na jure.