Kujerar da Ta Toshe Bakin Ƙasimu

Ƙasimu mutumin Zandam bai iya kwaɓa fulawa ba, kuma har ya tsufa bai koya ba. Amma a shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa, shi ya riƙe gidan burodin Alhaji Badaru na Birnin Kudu, da baki kawai.

Alhaji mutum ne mai tsawa. In ya ce, "Wa ke da magana?" sai ma'aikata su sunkuyar da kai su ce, "Sai yadda ka ce, Alhaji." Ƙasimu kuwa taubashinsa ne, tsakaninsu ba kunya sai tsokana. Don haka duk wanda dabara ta zo masa sai ya raɗa wa Ƙasimu a bakin ƙofa, inda yake gadi. Shi kuma ya jira Alhaji ya fito.

"Kai, bawana! Wannan burodi naka ai sai da gatari. Dabo mai gasa burodi ya ce a ƙara masa mai, amma ina, rowa ta hana."

Alhaji ya kai masa duka da hula, washegari a ga an gwada. Haka aka fito da ƙananan burodi na 'yan makaranta, haka aka fara kaiwa kasuwar Gwaram, har burodin Kano ya rasa masu saye.

Sai Alhaji ya so ya saka wa Ƙasimu da alheri. Ya ɗinka masa kaftani, ya ba shi ofis da kujera, ya ce daga yau Manaja ne. Ranar bakin Ƙasimu har kunne.

To, wa zai yi wa Manaja raɗa? Aka koma durƙusa masa. Shi ma girman ya sa bakinsa ya yi nauyi. Ciniki ya dinga ja da baya, kowa ya yi gum. Ran nan, a bakin wani direba Ƙasimu ya ji cewa Dabo ya kai sabuwar dabararsa wani gidan burodi a Kano, ko sallama bai yi masa ba. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Ya ɗauko kujerar a ka, ya dire ta gaban Alhaji, ma'aikata na kallo.

"Ungo tsiyarka, bawana! Ka ɗaure ni da kaftani, ka kori mutumin kirki da tsawarka."

Alhaji ya daɗe yana kallon kujerar, sannan ya juya wajen ma'aikata, ya sassauta murya.

"Don Allah, cikinku wa ya san inda Dabo ya sauka a Kano?"