Burtalin da Na Ƙi Buɗewa

Wata Laraba ce cikin damuna, wajen ƙarshen shekarun 1990, da ƙarfe huɗu da rabi na yamma. Mu uku ne a ɗakin kwamfuta na ofishinmu na aikin gona da ke Tudun Wada: ni, da shugaban ofis, da malamin dabbobi, wani Bafulatani mutumin Doguwa.

Kwamfutoci huɗu muke da su, an haɗa su da waya. Bayan an tashi daga aiki, kafin a kashe janareta, mukan shiga wani gari da na gina a cikinsu. Babu hoto ko ɗaya, rubutu ne zalla. Ka rubuta "gabas", allo ya ce ka iso kasuwa, ya kuma lissafa maka waɗanda ka tarar a can. Na tsara shi ta yadda kowa zai iya ƙara abinsa ba tare da ya taɓa tushen shirin ba. Akawu ya haƙa rijiya. Mai buga takardu ta dasa tsamiya. Malamin dabbobi ya kafa ruga can kudu, a bakin dajin da muka kira Falgore.

Doka ɗaya kawai na sa a tushe. Akwai burtali daga kasuwa zuwa daji, ba a gini a kansa, ba a shuka. Ta nan ake zuwa kowane sabon wuri, don haka idan aka toshe shi, duk wanda ke bayansa ya yanke da gari.

A ranar shugaba ya so ya faɗaɗa gonar dawa da ya shuka a garin, ta shiga cikin burtali. Sau uku yana gwadawa, allo yana ce masa, "Nan burtali ne."

"Malam, injin nan naka ba shi da ladabi," in ji shi. "Cire wannan abin."

Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai fili ta yamma, iya ganinka."

"Nan nake so. Shanun ƙarya ne fa za su bi."

Malamin dabbobi bai ɗago daga allonsa ba. Ya ce, "Dawar ma ta ƙarya ce, Yallaɓai. Amma ka ga har ta fara cin hanya."

Shugaba bai yi dariya ba. Mutumin Kiru ne, kuma shekara guda kafin nan shanu sun shiga gonar mahaifinsa ana gab da girbi. Na san da wannan, ban kuma raina shi ba. Sai dai na san cewa idan na matsar masa da hanyar yau, gobe akawu zai nemi tasa alfarmar, ruga kuwa ba mai sake isa gare ta.

"Kwamfutar ta wa ce?" ya tambaye ni.

"Ta ofis ce."

"Ofis kuma wa ke riƙe da shi?"

"Kai ne. Kana iya goge garin baki ɗaya, zan ma nuna maka yadda ake yi. Amma da hannuna ba zan buɗe maka burtali ka shuka a kai ba."

Ya miƙo tafin hannu. Na ciro makullin ɗakin daga aljihu na ajiye masa a kan tebur, na tura kujerata ciki, na yi musu sai da safe.

Bayan mako biyu takarda ta fito, aka mayar da ni Doguwa, inda ko lantarki babu a ofis. Wanda aka ɗauko daga Kano ya maye gurbina ya cire dokar burtali cikin rabin awa. Malamin dabbobi bai sake shiga garin namu na kwamfuta ba.