Awartaki a Jar Duniya

Ni ɗan maƙera ne, kuma ba na ɓoye wannan ko a gaban wa. A Kebbe aka haife ni, a gidan da ƙarar masaba, gudumar maƙera, take fara gaishe ka da safe tun kafin mutanen gida. Ina aji huɗu na firamare mahaifina ya rasu, ƙanensa ya riƙe ni. Baffa nake ce masa. Shi ya gaji maƙerar, shi ya gaje mu, a hannunsa kuma awartakin mahaifina ya zauna, wato abin da ake kama ƙarfe da shi in an ciro shi daga wuta. Da hannunsa mahaifina ya ƙera shi, ya karkatar da ƙafa ɗaya ta yadda zai zauna masa daidai, don shi bahago ne. Baffa bai taɓa aiki da shi ba. Ya rataye shi a ginshiƙin rumfa, ya ce na ɗan da ya tsaya a sana'ar ubansa ne. Ni kaɗai ne namiji a wurin mahaifina, saboda haka kowa ya san da wa ake.

Ni kuwa ban tsaya ba. Boko ta ja ni zuwa Tambuwal, daga nan jami'a, na karanta injiniyancin injuna. Ranar da na kawo takardar digiri, Baffa ya goge hannu a riga ya karɓa, ya juya ta gaba da baya, ya ce, "Ta yi kyau. To, ka ƙera mi?" Na karɓi takardata na naɗe. Bayan wasu shekaru ƙungiyarmu ta injiniyoyin injuna ta karɓe ni cikakken mamba, bayan dattawa uku sun zaunar da ni sun yi mini tambayoyi har gumi ya jiƙa mini hula. Na koma Kebbe da ƙaramar lambar ƙungiya maƙale a aljihun riga. Wannan karon ban yi kwana-kwana ba, na ce, "Baffa, awartakin babana nake so."

Ko kallon ginshiƙin bai yi ba. Ya ce, "Awartaki ba kayan ado ba ne, yaro. Maƙeri aka ba. Kai injiniyan takarda ne."

Wallahi na ƙulu. Ni da famfunan ruwa da taraktocin ƙaramar hukuma suke hannuna a Tambuwal, ni da in injin ya yi tari na san abin da ke damunsa, ni ne na takarda? Na hau babur ɗina ko abincin rana ban ci ba. Amma me zan yi? Baffa ne. Na ci gaba da zuwa gaisuwa, ina zama da bayana wajen ginshiƙin don kada idona ya sauka a kansa.

Akwai wani abu da nake yi tun ina jami'a wanda matata kaɗai ta sani. Ina rubuta ƙagaggun labarai na zamanin da bai zo ba: jiragen da ke tafiya tsakanin taurari, garuruwa a ƙarƙashin ruwa, irin waɗannan. Kunya ta sa nake ɓoyewa, don a ganina babban mutum mai iyali ba ya zama yana shirya tatsuniya. Rannan sakatariyar reshenmu, wata injiniya mai kaifin baki, ta yi ta kuka a taro cewa shafin ƙarshe na ƴar mujallar ƙungiya kullum fanko yake fita. Bayan an tashi na miƙa mata labari ɗaya, ina waige-waige. Ta karanta shafin farko a tsaye, ta kwashe da dariya, ta ce, "Ashe mu uku ne!" Ita ma tana rubutawa, haka wani abokin aikinmu da ke Dogon Daji, mutumin da ko murmushi ban taɓa ganin ya yi ba. Nan take ta yanke cewa a taron reshe na gaba, wanda za a yi a Tambuwal, ni zan tashi in karanta nawa a gaban kowa.

Saura mako uku taron na je Kebbe suna. Bayan la'asar muna zaune a rumfar maƙera da mutane biyar ko shida, sai babban ɗan Baffa, wanda matata ta tsegunta wa matarsa, ya ce, "Baba, ka ji yaya yanzu gatana yaka rubutawa?" Tatsuniya ke nan a bakin mutanenmu. Na harare shi, amma magana ta riga ta fita. Baffa ya ajiye masaba ya ce, "Gatana da rana tsaka? To, karanta mu ji." Labarin yana cikin wayata. Na karanta, kuma ba zan yi ƙarya ba, da ɗan taƙama na karanta.

Labarin na mutanen Kebbe ne bayan shekara ɗari biyu. Sun ƙaura zuwa wata jar duniya da ke can gaba da wata, suna noman gero a ƙarƙashin rufin gilashi. Suna da injin huɗa mai aiki da hasken rana, wanda ya shekara hamsin yana noma ba a taɓa kwance masa ƙusa ɗaya ba. Na zaci a tafiya sama Baffa zai tsayar da ni. Ina! Da na kai wurin, cewa kawai ya yi, "Allah mai iko." Sai da na gama ya tambaya, "Ƙasar can, fadama ta ko jigawa?"

Na ce, "Rairayi ne da tsakuwa."

"To, haƙoran galmar injin, wa ka koɗa su in sun dakushe?"

Na ce ba sa dakushewa, wani irin ƙarfe ne na zamanin, ƙasa ba ta cin sa.

Ya ce, "Ƙarya kaka yi."

A gaban mutane fa! Na ce, "Haba Baffa! Ai duk labarin ƙirƙira ne, har mutanen da jirgin." Ya ce, "Tafiya sama ban san ta ba, shi ya sa ban ce komi ba. Amma ƙarfe na san shi tun ba a haife ka ba. Shekara hamsin cikin rairayi? Ko ubanka da yaf fi ni hannu bai ƙera wannan ba." Ya ɗauki masabarsa ya ci gaba da aiki, mutane suna ƙunshe dariya.

Na kamo hanyar Tambuwal ina faɗa ni kaɗai a kan babur. Wanda ya san hanyar Kebbe ya san ba ta barin mutum ya yi fushi cikin natsuwa, ramin nan ya jefa ka wancan. Ban yi rabin tafiya ba na ji salansar babur tana ƙara. Na tsaya na duba, notin da na ɗaure da hannuna da safiyar ranar ya kwance. Na tsuguna ina ɗaurewa, a nan faɗan ya ƙare mini. Yadda ƙasa take cin ƙarfe darasi ne da aka koya mana a shekara ta biyu a jami'a, na kuma ci shi da maki mai kyau. Na san abin da na rubuta ba zai yiwu ba. Na rubuta shi ne don ina son duniyar da ba a bukatar irin su Baffa, duniyar da ba wanda zai tambaye ni na ƙera me. Na kwashi mutanen garinmu kaf na kai su sama, na bar maƙera a ƙasa don haushi. Na ji kunyar kaina ƙwarai.

Na sake labarin daga tushe. A sabon, haƙoran injin sun cinye a shekara ta uku, jirgin da ke kawo kaya daga duniyarmu kuma sai bayan shekara biyu zai zo. Gero na jiran huɗa, yunwa na tafe. Sai wani tsoho a cikinsu, jikan maƙera, wanda aka ɗauko don kawai ƴarsa ta ƙi tafiya ba shi, ya ce a ba shi tarkacen tsohon jirgi. Babu gawayi a can, babu iskar da za ta rura wuta, don haka ya jera madubai suna tara zafin rana wuri ɗaya. Wannan kam sai da na zauna na yi lissafinsa sosai, faɗin madubi da yawan zafi, na kai wa mutumin Dogon Daji ya duba, ya gyara mini wuri biyu.

Ranar taro da hantsi zauren ya cika. Manyanmu sun zo daga Sakkwato, an kuma gayyato malaman makarantu. Na hau mumbari ke nan na hango Baffa a kujerar ƙarshe, da rawaninsa na zuwa kasuwa, da wani buhu a tsakanin ƙafafunsa. Ɗansa ne ya goyo shi a babur tun daga Kebbe. Ni ban gayyace shi ba. Duk da haka na karanta har ƙarshe.

Aka tafa. Sai wani dattijon injiniya da ya yi ritaya, wanda duk muke jin nauyinsa, ya ɗaga hannu. Ya ce rubutun ya yi daɗi, amma na mayar da mu baya. Bayan shekara ɗari biyu, in ji shi, inji ne zai riƙa fitar da kayan gyara da kansa, me ya kawo maƙeri da masaba? Raina ya ɓaci, na buɗe baki zan mayar masa da abin da na san zan yi nadama. Kafin in yi, na ji gyaran murya daga baya. Baffa ya miƙe.

Ya ce, "Ranka shi daɗe, ni ban yi boko ba. Amma injin nan da ka fidda kayan gyara, ran da shi yal lalace, wa ka gyara shi?"

Zauren ya ɓarke da shewa. Dattijon da kansa ya fi kowa dariya. Ya tambaya ko wane ne, na ce da ƙarfi, har lasifika ta yi ƙara, "Baffana ne, maƙeri ne daga Kebbe." Dattijon ya taka har baya ya kamo hannunsa ya zaunar da shi a babban tebur. Aka watsar da jadawalin taro. Injiniyoyi suka yi ta tambayar Baffa yadda yake gane zafin ƙarfe ba ma'auni, yana bayyana musu cewa jan da ake bugu daban, jan da ake tsomawa a ruwa daban, in ka yi gaggawa haƙori ya fashe, in ka yi jinkiri ya lanƙwashe. Na ga masu digiri biyu-biyu suna rubutawa a littafi. Ni ina tsaye a gefe, kaina ya yi girman da ban san inda zan ajiye shi ba. Ban taɓa alfahari da komai kamar yadda na yi da tsohon nan a ranar ba.

Da aka tashi sallar azahar na same shi a gindin darbejiya a bakin zaure. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Labari ya gyaru. Amma da saura." Na ce a raina, to, ga ta kuma. Ya ce, "Tsohon nan naka, da mi yaka kama ƙarfen in ya yi ja? Da hannu?"

Gaskiya ne, na ba tsohon masaba, na ba shi madubai, amma ban ba shi awartaki ba. Sau biyu na zo rubuta kalmar na tsallake.

Baffa ya kwance bakin buhu ya ciro wani abu naɗe a tsumma, ya ɗora mini a hannu. Tun kafin in warware na gane karkatacciyar ƙafar. Na ce, "Baffa, ai tun kafin ka ji sabon labarin ka ɗauko shi." Ya ce, "In da ka sake ƙarya, da na koma da abina." Ya gyara rawani, ya ƙara da cewa, "Ka kai ma tsohon nan na labarinka. Ka gaya mai na bahago ne, shi yi hankali da shi."

Na yi kuka a wurin, da lambar ƙungiya a ƙirjina, manyan injiniyoyi suna wucewa zuwa alwala suna kallona, ban damu ba. Kafin mujalla ta fita na roƙi sakatariya ta dawo mini da labarin, na ƙara layi uku, tsohon ya zama bahago.

Ban rataye awartakin a falo ba, don an riga an gaya mini ba kayan ado ba ne. Ranar Litinin na kai shi garejin aiki, na sa aka kawo gawayi, na ciro wani lanƙwasasshen haƙorin garmar tarakta da ya daɗe a yashe. Hannuna na dama ya ƙi zama a kansa, sai da na koma na riƙe shi da hagu yadda babana yake riƙewa. Na ƙone yatsa biyu kafin haƙorin ya miƙe.