Furar da na dama wa maƙwabcin gonata

Shekarun baya, lokacin ko wayar hannu ban mallaka ba, ina noman tumatur na rani a wajejen Bunkure. Ruwan kanal bi da bi ake sha, kowa da ranarsa. Ni Laraba ce tawa, maƙwabcin gonata kuma Talata. Sa'an yayana ne, don haka Yaya nake ce masa, kuma kullum tare muke shan fura a gindin mangwaro.

Wani mako ruwa ya yi ƙaranci, tumaturina ya fara langaɓewa yana zubar da fure. Na roƙe shi mu yi musayar rana, ya ce, "Ƙanena, albasata ma kuka take. Ka daure zuwa gobe."

Sai wayona ya motsa, irin wayon da ba ya tuno gobe. Na ɗebi ƙwayoyin barcin da asibiti suka ba mahaifiyata, na daka, na zuba a kwanon furarsa. A lissafina zai miƙe a inuwa ya yi ta minshari, ni kuma in karkatar da ruwan zuwa gonata. Ya shanye tas, har da sa mini albarka. Abin da ban sani ba, ashe zai hau babur zuwa Kura sayen taki. Ina kallo ya tafi, ban tsayar da shi ba.

A gefen kanal aka tsince shi, ƙafa ta karye. Da likita ya ce akwai maganin barci a jikinsa, maganar ta kai ga 'yan sanda, suka zo suka tafi da ni tunda ni na dama furar. Ina tsugune a ofishinsu wani ya ce mini, "Ba wa mutum abin da zai gusar masa da hankali da gangan laifi ne babba, ko bai mutu ba. Ɗauri ne, malam." Ni da na ɗauka 'yar dabara ce ta manoma, sai na shiga musu, na ce ba ni ba ne.

Ban gama musu ba mahaifiyata ta shigo da kwalbar maganinta, ta ajiye a kan tebur. "Faɗa musu gaskiya," ta ce, "ko ni in faɗa."

Daga gadon asibiti Yaya ya aiko cewa ya yafe, dattawa suka shiga tsakani aka kashe maganar. Tumaturin da na yi abin dominsa kuwa, ina can tsare ya bushe.

Har yau kunyar ba ta sake ni ba. Muna gaisawa, yana ɗingishi ya zo sunan 'ya'yana. Amma duk sanda na miƙa masa ko ruwa ne, sai ya karɓa da hannu biyu, ya ce, "Na gode, ƙanena," ya ajiye a gefe. Shekara kusan ashirin ke nan, ban ga ya kai bakinsa ba.