Hajiya Kubra Datti, Marubuciyar da Ta Aurar da Tsofaffi

Haihuwa da Karatu

An haifi Hajiya Kubra a shekarar 1952 a birnin Jos, 'ya ga Malam Datti, tela wanda iyayensa suka zo tun zamanin haƙar kuza, da mai ɗakinsa Malama Ummi. Ta yi karatun allo da na firamare a Jos, ta kammala kwalejin horon malamai a 1972.

Aiki da Iyali

A 1974 aka ɗaura aurenta da Alhaji Zainulabideen, ma'aikacin jirgin ƙasa, suka zauna a unguwar Rikkos har Allah ya karɓi ransa a 2004. Tana koyarwa tana rubutu, ta wallafa littattafan soyayya shida, kuma kamar yadda aka saba, masoyan duka samari ne da 'yan mata.

Littafi na Bakwai

A 2011 ta fara littafin da masoyansa suka haura shekara sittin. Masu ɗab'i suka ce babu mai sayen soyayyar kakanni. Babban ɗanta Abdulfatah kuwa ya ce abin kunya ne, domin unguwa kaf ta san labarinta ne da Malam Sharafaddeen, tsohon mai gyaran keken ɗinki a Tina Junction, wanda ya aiko neman aurenta. Shekara biyar ta jingine auren da littafin don gudun ɓacin ran ɗanta, amma fa haƙurin Hajiya yana da iyaka. A 2016 aka ɗaura musu auren ɗauki-sandanka: tana gidanta, shi yana zuwa bayan la'asar. Abdulfatah bai halarta ba, ya kuma ɗauke ƙafa, abin da ya ci mata rai matuƙa. Da yake idon Malam ya raunana, kowane babi sai ta karanta masa, shi ko ya dinga gardama cewa tsohon cikin littafin ya cika surutu. Littafin ya fito a 2019.

Rasuwa

Ta rasu a watan Maris na 2023 bayan gajeriyar jinya, aka sallace ta a Rikkos, aka binne ta a maƙabartar unguwa. Ta bar 'ya'ya huɗu: Abdulfatah, Rahinatu, Datti da Ummi, da jikoki goma sha ɗaya. Ta kuma bar Malam Sharafaddeen, wanda bayan sadakar bakwai ya ci gaba da takowa da sandarsa duk la'asar, ya zauna a zauren gidanta. Yanzu Abdulfatah ne ke karanta masa littafin.