Yammacin da muka kashe lasifika saboda goɗiya

Har gobe ban manta da wata Juma'a ta watan Shawwal ba, ina wata na uku a kamfaninmu na shirya taruka. Ku da kuka shigo bana kun san dokar: wata uku na gwaji, sannan mushrifa, wato shugabar sashe, ta sa hannu a tabbatar da mutum ko a sallame shi. Ni munassiƙa ce a lokacin, wato mai tsara wuri. Aikina zana taswirar wuri: ina dandamali, ina kujeru, ina lasifika.

Taron kuwa na waƙa ne, a wata gonar dawaki da ke kan duwatsun Ɗa'if, kusa da Makka. Mawaƙiyar dattijuwa ce daga Amurka, tana yin waƙar ƙauye irin ta makiyayansu, daga ita sai jitarta ta katako. An tsara a fara bayan la'asar, a tashi kafin magariba. Baƙi kusan ɗari da hamsin.

Kuskurena shi ne ban je gonar ba. A ɗakinmu na unguwar Mansur a Makka na zauna da hotuna, na ga wani tsohon gini na dutse, furannin wardi sun hau bangonsa, na ce nan ne bayan dandamali. Kyansa kawai na gani. Ban tambayi abin da ke cikinsa ba.

Mun baro Makka da hantsi, muka hau dutse har gajimare ya koma ƙasa da mu. Bayan azahar aka kunna lasifika don gwaji. Sai na ji wani abu yana dukan ƙofa daga cikin ginin nan, dam, dam. Wani tsoho ya fito da sauri, ya dube ni, bai ko gwada Larabci ba.

"'Yar nan, ke Bahausa ce?"

"Eh, Baba."

"To alhamdulillahi, mai jin magana ta zo. Wa ya kafa wannan aradu a ƙofar mai jego?"

Sunansa Baba Ilu, shi ke kula da dawakin. Ya ja ni na leƙa, ashe barga ce. Goɗiya ce fara, jikinta sharkaf da gumi, tana zagaye tana harbin bango. A kusurwa ga ɗan duƙushi, haihuwar jiya, ƙafafunsa kamar tsinke, yana rawar jiki.

"Haihuwarta ta fari ce," in ji shi. "In aka yi awa biyu ana wannan ƙara, wallahi za ta taka shi ba ta sani ba."

"Ba za a mayar da su wata bargar ba?"

"Gangaren dutse ne, 'yata. Ko ke aka haifa jiya, ba kya sauka."

Na tambayi masu haɗa wayoyi, suka ce matsar da dandamali awa huɗu ne. Saura awa ɗaya da rabi baƙi su iso.

Mushrifata, Ustaza Nuf, mace ce mai adalci amma ba ta son dogon bayani. Na same ta tana duba jerin baƙi.

"Ustaza, ina so a kashe lasifika gaba ɗaya."

"Sun lalace?"

"Lafiyarsu ƙalau. Taswirata ce ta lalace. Ban zo na ga wurin ba."

Ta sauke takardar. "Kin san wa zai sa hannu a takardarki ranar Lahadi?"

"Na sani."

"Ɗayyib, na ji. Mutum ɗari da hamsin a fili, ba lasifika. Yaya za su ji?"

Sai na tuna tsakar gidanmu in kakata tana ba da labari. Muryarta ba ta da ƙarfi, mu ne muke matsowa. Na ce a kwashe kujeru, a shimfiɗa dardumai da matasai, a zauna a ƙasa a kewaye mawaƙiyar.

Da aka gaya wa dattijuwar, sai ta je ta leƙa bargar. Ta fito tana share ido, ta ɗauki jitarta ta zauna a kan wani kututture.

Ban taɓa jin taro ya yi shiru irin na ranar ba. Na gaba gwiwarsu na kusan taɓa takalminta, na baya sun miƙo wuya. Masu zuba gahawa suna tafiya da sanɗa. Kana jin yatsunta suna goga tsirkiya, kana jin iska cikin itatuwa, hazo yana hawowa daga kwari a hankali kamar shi ma sauraro ya zo. Ta roƙi kada a tafa, sai mutane suka riƙa ɗora hannu a ƙirji. Can tsakiyar waƙa ta uku Baba Ilu ya yafito ni, na je na leƙa bargar. Goɗiyar ta tsaya cak, ɗan yana shan nono.

"Ko kalma ɗaya ban gane ba," ya raɗa mini, "amma matar nan ta yi kiwo."

Ranar Lahadi Ustaza Nuf ta sa hannu. Ba ta yabe ni ba. Ta dai ɗauko fom ɗin duba wuri, ta ƙara layi ɗaya da biro a ƙasa. Shi ne layin da kuke cikewa yanzu kuna gunaguni: "Wa ke kwana a wurin? An tambaye shi?"

Abin da na koya ke nan. Mu baƙin yini ɗaya ne, muna zuwa da wayoyinmu mu naɗe mu tafi. Kowane wuri yana da masu shi, wasu ma ba sa magana. Ku je da ƙafarku, ku gaida wanda kuka tarar, ku tambayi abin da ke bayan ƙofa.

Duƙushin nan ya girma, har ana hawansa. Baba Ilu ya sa masa suna Shiru.